Raha da fuska, zagi da baƙin kont

Yau ina so mu taɓa maganar da ta daɗe tana ci mini rai, wato rahar siyasa a gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp da Facebook, da waɗannan sababbin kont da ke tsirowa dare ɗaya kamar ciyawar damina.

Mu 'yan Nijar ba baƙin raha ba ne. Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Babarbare ya sa Bafulatani gaba, a yi dariya a watse. Wannan taubasantaka tamu har UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. A Damagaram kuwa akwai wasan kara, inda samari ke kwaikwayon masu mulki, tafiyarsu da maganarsu, manya na zaune suna kallo. To ashe yi wa mai mulki dariya ba intanet ta koya mana ba.

Amma ku duba abu guda. Taubashinka ka san shi, ka san gidansu. In ya jefe ka yau, gobe ka rama, kuma dole ya shanye. Mai wasan kara da fuskarsa yake fitowa fili. Abin da ya sa wasan bai zama faɗa ba ke nan, kowa na ɗauke da nauyin bakinsa.

Shi kuwa wanga da ya buɗe kont jiya da dare, hoton zaki ko tuta ga furofil, aboki ko ɗaya babu, mi ya ɗauka? Yana shigowa sai zagin uwa da uba, sai “ku 'yan yanki kaza maciya amana ne”. In an yi magana ya ce wasa yake. Wane wasa? Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shi ba dariya yake nema ba, so yake mu kama wuyan juna, ya share kont ɗin ya buɗe wani.

Kuma wa ke kwana ciki? Dokar laifukan intanet ta 2019, an sassauta ta a 2022, an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. A watan Yuni na 2024 aka maido da ɗaurin. Wanda ya yi fartaje da sunansa na gaskiya da lambarsa, shi ya fi sauƙin samu. Baƙon da ya kunna wutar ya daɗe da ɓacewa. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 zukata ke da zafi, ƙaramar magana na iya raba 'yan uwa ɗaki guda.

Na san wani zai ce: “Malam, ai tsoro ne ke sa mutum ɓoye sunansa.” Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. Akwai ma'aikacin da ke son ya ce asibitin garinsu ba magani amma yana tsoron aikinsa. Akwai macen da in ta yi magana da sunanta a yi mata ca. Waɗannan a bar musu mayafinsu. Sai dai ana gane su, batu suke kawowa, kuma in an tambaye su suna tsayawa su ba da amsa.

A rediyo, in mai saurare ya bugo, mukan ce ya faɗi sunansa da inda yake kira. In ya fara zagi, a katse layi, ba gaba ba ƙiyayya. Haka ma a fada: baƙo ya zo ya yi sallama, a ba shi wuri, ya sha shayi na fari da na biyu, ya ji yadda ake hira, sannan ya sa baki. Ba wanda ke zuwa fadar mutane ranar farko ya shuri butar shayi.

Don haka ga shawarata ga masu riƙe da gurup. Sabon kont ya yi mako guda yana saurare kafin a buɗe masa baki. A yi wa kujera dariya, a yi wa alkawarin da ba a cika ba dariya, a yi wa ɗaukewar wuta dariya, amma ƙabila da addini da iyalin mutum a bar su. Wanda ya keta, gargaɗi ɗaya, na biyu a fitar da shi, ko da ɗan ɓangarenmu ne. Wurin nan ne akasarinmu ke faɗuwa, don in zagin ya faɗa kan wanda ba mu so, sai mu danna masa alamar dariya.

Mu kuma sauran, kar mu amsa masa. Kar mu tura vokal ɗinsa gaba wai don a ji abin da ya ce. Magana zarar bunu ce.

Ku kuma mi kuka gani? Mako guda ya isa, ko ya yi yawa? Ina jiran ra'ayinku daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da ko'ina. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.