Taimakon da ke zuwa da hoton ɗan takara

Ya Edita,

Ina rubuto maka ne daga Matsinkai, a ƙaramar hukumar Bagudo, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin.

Mun ji jiki a 'yan shekarun nan. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadama, sannan aka janye tallafin man fetur a 2023. Don haka ba mai raina buhun shinkafar tallafi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yake zuwa: da hoton ɗan takara a jikinsa, da masu ɗaukar bidiyo, dattawa kuma a layi cikin rana. Gidauniyoyi su tsiro gab da zaɓe, su ɓace kafin damina.

Da can gayya muke yi. Matasa su yashe rijiya, su cike ramukan hanya, mata su yi adashi su ɗauki nauyin marayu. Yanzu ka kira taron gyaran aji guda, wani zai ce a jira mai girma ya zo. Ƙungiyar sa-kai kuwa, tambayar farko da ake yi mata ita ce: ku na wane ne? In ta yi maganar asibiti babu magani, nan take a ce 'yan adawa suka turo ta.

Ba a nan kaɗai ake yi wa ƙungiyoyi irin wannan kallon ba. A farkon 2023 gwamnatin Zamfara ta umarci ƙungiyoyin agaji su fice daga jihar.

Ina roƙon sarakunanmu da limamai su tsaya a riƙa rabon tallafi ta hannun kwamitin unguwa, da jerin sunaye a bayyane.

Naka,
Wani manomi, Matsinkai