Shafin intanet na ƙungiya: a zaɓi mai sauƙin kaya

Kwanan baya, cikin shirin da muke gabatarwa a rediyo, wata hajiya mai sayar da aya ta bugo mana salula daga Maraɗi, ranta a ɓace. Ƙungiyarsu ta yi karo-karo, ta ba wani saurayi da ya yi karatun ordinater aikin yi musu shafi a intanet, inda za su riƙa sa farashin buhu, masu saye daga Najeriya su gani su yi oda. Shafin ya yi ƴan watanni yana aiki, sai wata rana ya ƙi buɗewa. Saurayin ya tafi Yamai neman aiki, kamfanin da ke riƙe da shafin yana jiran kuɗɗin haya, kuma duk cikin ƙungiyar babu wanda ya san kalmar sirri. Ta ce mu gaya mata laifin wa ne. Mun zauna da masu wannan sana'a mun sha musu kai da tambayoyi, ga abin da muka fito da shi.

Shafi irin wannan abu biyu yake buƙata. Na farko wurin zama. Ba cikin salular Hajiya yake kwana ba, yana cikin wasu manyan ordinatoci da ba a kashewa dare da rana, a gine-ginen kamfanoni a Turai, ko Amurka, ko Afirka ta Kudu. Shi ne abin da ake ce ma girgije, ko da yake babu wani girgije, haya ce tsagwaronta. Amazon ya soma ba da irin wannan haya a 2006, Google ya buɗe tasa mai suna App Engine a 2008. Na biyu kuma kayan gini. Mai yin shafi ba ya somawa daga ƙasa, akwai dirkoki da azara da wasu suka riga suka sassaƙa, sai ya ɗauko ya kafa rumfarsa a kai. Masu sana'ar suna ce ma waɗannan kaya firemwok. To, a wajen zaɓen firemwok ɗin nan ne ake yanke shawarar da za ta ci aljihun ƙungiya shekara da shekaru, kuma galibi ba a tambayar masu kuɗɗin.

Akwai manya, akwai ƙanana. Cikin manya akwai Django, wanda aka fito da shi a 2005, asalinsa daga ofishin wata jarida a jihar Kansas ta Amurka. Shi komai yana ciki: wurin rajistar mutane, ɗakin mai kula da shafi, hanyar ajiye lissafi. Da shi aka gina Instagram. Akwai kuma Laravel na 2011, wanda samarinmu da yawa suka iya. Cikin ƙanana akwai Flask, wanda wani ɗan Ostiriya, Armin Ronacher, ya fito da shi a 2010, da Bottle wanda dukansa fayil guda ne tak. Dukansu kyauta ake ɗauko su, kada wani ya ce muku ya sayo da kuɗɗi.

Mu dai ra'ayinmu, ƙungiyar da abin da take so shi ne jerin farashi, da hoton kaya, da lambar da za a kira, ƙarami ya ishe ta. Dalili shi ne yadda ake lissafin hayar. Kamfanonin girgije suna karɓar kuɗɗi gwargwadon wurin da shafi ya ci cikin ƙwaƙwalwar ordinater da tsawon lokacin da ya yi yana aiki. A haya mai arha kuma, idan an jima babu mai shigowa, sai su kashe shafin ya yi barci, sai wani ya ƙwanƙwasa sannan a tashe shi. Shafin da aka lafta ma kaya yana daɗewa kafin ya wartsake. Ku duba, Alhaji na Abijan yana son farashin albasar Galmi, ya latsa, abu yana ta juyawa, rezo kuma ga yadda yake. Ba zai jira ba, zai kira wani dillali ne.

Sai maganar biya, wadda ita ce ta fi damunmu. Hayar nan ba da sefa ake biyanta ba, da dalar Amurka ne ko yuro, kuma ta katin banki, ba ta gidajen aika kuɗɗi da muka saba da su ba. Yuro dai an san matsayinsa, sefa 656 ne saura kaɗan, wato dala 131 a lissafinmu na kasuwa. Dalar Amurka kuwa yau ta hau gobe ta sauka. Samari da yawa suna cewa kada a damu, akwai wurin kyauta. Haka aka riƙa faɗa game da kamfanin Heroku, har ranar 28 ga Nuwamba 2022 da ya rufe hayar kyauta, mafi arhar abin da ya bari a lokacin shi ne dalar Amurka 5 a wata. Wanda shafinsa ƙarami ne, ya kwashe ya koma wani wuri ba wuya. Wanda ya ɗaure kansa da kayan da ba sa aiki sai a gidan kamfani guda, dole ya biya abin da aka yanka masa. Don haka a tambayi mai gini tun farko: in mai gida ya ƙara haya, kwana nawa za mu yi mu tashi?

Amma gaskiya ɗaya ce, ƙarami ma yana da nasa. Flask ba ya zuwa da makulli. Rajistar mutane, da tsare kalmar sirri, da ɗakin mai kula, duk sai mai gini ya ƙaro su da kansa, kuma in bai ƙware ba zai bar ƙofa a buɗe. Saboda haka ƙungiyar da za ta riƙa ajiye adashin mata ɗari biyu, ko lissafin bashin manoma, ba mu ba ta shawarar ta bi arha ba. A nan Django ya fi, domin makullansa mutane da yawa sun gwada su shekaru kusan ashirin. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauko tirela don kai buhu biyu Kasuwar Dole, kawai don saurayi yana son ya nuna ya iya tuƙi.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. Sauƙin firemwok ba shi ne sauƙin shafi a salular mai saye ba. Abin da ke cinye mega shi ne hotuna da bidiyo da ƙyale-ƙyalen da ake cusawa. Hoto guda da aka ɗauka da salula aka sa ba a rage shi ba, yana iya cin mega uku ko huɗu. Sai ku sa mai gini ya buɗe shafin a gabanku, ba da salularsa mai tsada ba, da taku, kuma a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ba cikin ofis mai wifi ba. In ya buɗe kafin ku gama gaisawa da maƙwabci, to aikin ya yi.

Mu koma ga Hajiya. Da muka bi diddigi, ba nauyin kaya kaɗai ya kashe shafinsu ba. Saurayin da sunansa ya buɗe hayar, da katin wani abokinsa yake biya, kuma ya yi ginin da wani kayan da ba kowa ya sani ba. Wannan shi ya sa muke cewa ƙarami, amma sananne. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa, da ta Abdu Mumuni a Yamai, duk suna yaye ɗalibai kowace shekara. In aka gina da Flask ko Django ko Laravel, ba za a rasa wanda zai karɓi aikin ba ran da na farko ya yi nisa. Ba mu ce yaran nan macuta ba ne, yawancinsu ƴaƴanmu ne masu neman na kansu, sai dai ba a koya musu rubuta yarjejeniya ba, mu ma ba mu saba nema ba.

To a nema. A rubuta a takarda, gaban shaidu, kamar yadda ake yi in za a karɓi shago: hayar da sunan ƙungiya, kalmar sirri hannun shugaba da ma'aji, sunan firemwok ɗin a rubuce, da abin da za a biya duk wata. A kuma sa sharaɗin ajiye kwafi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ginin ordinatocin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa komai. Kwafin lissafin ƙungiya ya riƙa sauka cikin kile duk ƙarshen wata, ma'aji ya jefa shi cikin akwatin da yake ajiye takardun patanti.