TAFIYAR ƘAFA TA ƘARSHEN MAKO: A MAIDO TA, AMMA DA SHIRI

Tun da aka dawo daga dogon hutu, 'yan aji biyar da 'yan aji shida ba su bar mu mun huta ba da tambaya guda: "Malam, yaushe za a sake kai mu tafiyar ƙafa?" Sun ji labari daga wurin yayyensu cewa a dā ɗaliban makarantar nan sukan saɓa jaka ran Juma'a da yamma, su ratsa duwatsu da kwazazzabai, su gangara bakin tafkin Kainji, su komo da ƙafafu a kumbure amma baki cike da labari. A ɗakin malamai ma ra'ayi ya rabu biyu. Waɗansu sun ce zamanin wannan ya wuce, kada ma a tā da maganar. Waɗansu kuwa sun ce yaran nan sun zama 'yan cikin katanga, a sake su su sha iska.

Namu ra'ayin shi ne a maido da tafiyar, amma a bisa sharuɗɗa, kuma duk ranar da sharuɗɗan ba su cika ba a fasa ba tare da jin kunya ba. Bari mu kawo dalilanmu, domin ɗalibai da iyaye da 'yan'uwa malamai su auna.

Da farko, me yaro zai samu? Muna koyar da labarin ƙasa da tarihi a kan allo, alhali darasin yana shimfiɗe a bayan katangarmu. An soma gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya fi kilomita 130 tsawo, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka kuma tā da mutum fiye da 40,000 daga mazauninsu aka sake musu matsuguni. Cikin ɗalibanmu akwai jikokin Gungawan da aka kwaso daga tsibirai a lokacin nan, amma da yawansu ba su taɓa zama gaban wani tsoho sun ji yadda aka yi ƙaurar ba. Ga Birnin Yauri, tsohuwar hedkwatar masarauta kafin a komo Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Baturen nan Richard Lander da ƙanensa John sun baro Ingila sun iso Yauri a 1830, mu kuwa muna da yaran da ba su san ƙasar Ngaski ko ta Shanga ba sai ta tagar mota. Wanda ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya ga gonakin Kambari a gindin dutse, ya ga masunta suna gyaran koma, ya ga yadda ruwa yake cin ƙasa har ya zama kwazazzabo, ba zai manta ba. Gani ya kori ji. Ban da wannan, tafiya mai wuya tana koya wa yaro juriya, da raba ɗan abin da ya rage, da jiran wanda ya gaji.

To, amma masu tsoro ba su yi ƙarya ba. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo gida. Makonni kaɗan kafin wannan, a watan Mayu 2021, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai ba su da yawa. Duk mahaifin da ya ce ba zai bar ɗansa ya tafi ba, yana da hujja, kuma bai kamata kowa ya yi masa ba'a ba. Abin da muke ja da shi kawai shi ne zaton cewa hanawa ita ce kariya. Mun sha kama manyan yara sun sulale ran Asabar su uku ko huɗu, sun tafi bakin ruwa ba malami, ba wanda ya san inda suka nufa. Wannan ita ce tafiya mafi hatsari, kuma ita ce take yawaita idan makaranta ta naɗe hannu. Saboda haka ga sharuɗɗan da muke ganin sun zama dole.

Sharaɗi na ɗaya, a nemi izini a kuma nemi labari. Bayan takardar yardar iyaye da ta shugaban makaranta, malamai biyu su je da kansu su gai da hakimi da dagatan ƙauyukan da za a ratsa, su sanar da 'yan sanda da 'yan banga, su bi hanyar da ƙafarsu kafin a kai yara. A sake tambaya ran Alhamis, domin labarin makon jiya ba shi ne na yau ba. A ɗauki ɗan ƙasa, mafarauci ko manomi, ya yi jagora, a kuma biya shi haƙƙinsa. Tarihin ƙasar nan ya riga ya yi mana gargaɗi. Mungo Park ya biyo Kwara tun daga ƙasar Mali, da ya iso Yauri tafintansa kuma jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, domin nan ne iyakar alkawarinsu. Park ya ci gaba ba jagora, ya je ya halaka a duwatsun ruwa na Busa a 1806. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ba kwana a daji. Inda za a kwana ya zama cikin gari, a inda mai gari ya sauke mu. Idan masu ƙasa sun ce kada a zo, magana ta ƙare.

Na biyu, a zaɓi lokaci. Da damina kwazazzabo tarko ne. Ana iya yin ruwa a kan tudu can nesa, inda kake ko ɗigo babu, sai ka ji ƙugi, kafin ka hau gefe ruwa ya iso da itatuwa da duwatsu. A watan Maris da Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40, ba lokacin ɗora wa yaro kaya ba ne. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan ƙasa ta bushe. A tuna kuma bakin tafki ba ya zama wuri ɗaya. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara: farin ruwa na daminar nan kusa, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga ƙasar Gini ya ratso Mali, ya iso mana da hunturu. Hanyar da aka bi a busasshiyar ƙasa a wani wata, a wani watan tana ƙarƙashin ruwa. Masunta ne suka san wannan, su za a tambaya.

Na uku, a yi lissafin tafiya a takarda. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya kawo wata ƙa'ida a 1892 wadda har yanzu ake amfani da ita: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Idan hanya kilomita 15 ce, da hawan mita 300, lissafi ya ba da awa uku da rabi. Amma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne marar nauyi a baya. Yara masu kaya a cikin duwatsu, da hutu da cin abinci, sai a sa musu awa shida. A tashi da zarar gari ya waye, a isa masauki kafin la'asar. Mafi rauni a cikin ayari shi ne ma'aunin sauri, a sa shi kusa da gaba, malami guda ya riƙe baya. Kada ayarin ya wuce yara goma sha biyu da malamai uku, har da malama idan akwai 'yan mata. Idan an tashi ran Juma'a bayan aji a mota zuwa ƙauyen farko, a yi babbar tafiya ran Asabar, mota ta kwaso mu da yamma, kowa ya samu sujada ran Lahadi ya kuma huta kafin Litinin.

Na huɗu, kaya da ruwa. Nauyin jaka kada ya wuce kashi ɗaya bisa biyar na nauyin mai ita. Yaro mai kilo 50, kayansa su tsaya a kilo 10, kuma ruwa ne zai ci babban rabo, domin kowace lita kilo ɗaya ce, kowane yaro kuwa yana bukatar aƙalla lita uku zuwa huɗu a yini. A san tun farko rijiyar burtsatse ko ƙauyen da za a ƙara ruwa, ruwan rafi kuma sai an tafasa. Guzuri ya zama marar nauyi mai riƙe ciki: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, ƙosai don ranar farko. A zo da malafa, da rigar sanyi saboda dare, da tocila, da usur, da akwatin taimakon gaggawa mai ɗauke da bandeji da ƙunshin gishiri da sukari. Wayar hannu a cika ta da caji, amma kada a dogara da ita, domin a cikin kwari sau da yawa ba a samun layi.

Wannan ba daga littafi muka koya ba. Shekarun baya mun kai yara irin wannan tafiya, muka dogara da wani rafi da muka gani a taswira, muka isa muka tarar da yashi. Wani yaro kuma ya sa sabon takalmin da aka saya masa musamman don tafiyar, kafin azahar ƙafarsa ta sāle ba ya iya takawa. Wata tsohuwa a wata 'yar tunga ce ta ba mu ruwan randarta, wani manomi ya ɗora yaron a kan jakinsa har bakin titi. Allah ya rufa mana asiri, amma laifin namu ne, malamai, ba na yara ba. Tun daga ranar muka san tsohon takalmin da ƙafa ta saba da shi ya fi sabo, kuma taswira ba ta faɗin ko rafi ya ƙafe.

Na biyar, a kiyayi ruwa da abin da ke cikin duwatsu. Ba wanka a tafki, kome zafi. A gefen ruwa mai kwanciya ne ake ɗaukar tsargiya, ga kuma dorina a waɗansu wurare. Ba a shiga jirgi sai da rigar ruwa ga kowa, ba lodi fiye da kima, ba tafiyar dare, domin akwai kututturan itatuwan da tafki ya shanye suna nan a ƙarƙashi. A cikin duwatsu kada a zura hannu a rami ko a kogo, a kuma lura da tsofaffin ramukan masu haƙar zinariya da ciyawa ta rufe. Idan maciji ya sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri mai tsanani. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Don haka ne ya wajaba a san wurin da mota ko babur zai iya iso mu mafi kusa a kowane zango.

Na shida, wanda ya fi duka wuya, a sa lokacin juyawa tun daga gida. A ce idan ƙarfe ɗaya ta yi ba mu kai wuri kaza ba, za mu koma ko mu fita ta gajeriyar hanya, ko da kan dutsen yana gabanmu muna kallonsa. Yara za su yi gunaguni, malami ma zuciyarsa za ta ce saura kaɗan. Amma dutsen yana nan baɗi. A bar wa shugaban makaranta takarda mai sunayen matafiya, da hanyar, da lokacin dawowa, domin ya san sa'ad da zai tā da mutane nema.

Wani zai ce, in an yi duk wannan, ina daɗin tafiyar? Amsarmu ita ce, duwatsun ba su rage tsawo ba don an shirya, rana ma ba ta rage zafi ba. Gumi da gajiya suna nan yadda suke. Abin da aka cire shi ne ganganci. Kuma muna ba da shawara ɗalibai su yi shirin da hannunsu: su zana hanya, su yi lissafin ruwa da kuɗi, su rubuta wa hakimi wasiƙa, su yi atisayen tafiya da kaya a filin makaranta har mako huɗu. Ko da a ƙarshe labari ya zo cewa hanya ba lafiya aka fasa, sun riga sun koyi rabin darasin.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na gaba, a naɗa ɗan kwamiti mai malamai biyu da iyaye biyu, a fara da tafiyar yini ɗaya kusa da gari a watan Disamba. Ku kuma ɗalibai, wanda yake son a sa sunansa, ya fara da nuna mana zai iya bin umarni tun daga filin taro na safe. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai mu ya dawo da mu lafiya.