Ra'ayinmu: Wa zai gina mana rumbun saƙonni?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, a da can idan alhajin Maraɗi zai aika saƙo wurin abokin cinikinsa na Kano, ko wurin mai fiddo masa kaya a Kwatano, takarda yake rubutawa ya ba direban da ya yarda da shi, ko ya tashi yaron gida. Kowa ya san hannun da takarda ta bi, idan ta ɓace kuma an san wanda za a tambaya. Yau kuwa faktir, da lambar asusun banki, da takardun kwantena, da alƙawarin biyan bashi, duk ta imel da sauran saƙonnin intanet suke tafiya. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: a wane ɗaki waɗannan saƙonni suke kwana, wa ya gina ɗakin, kuma a hannun wa makullinsa yake?

Wata za ta ce: ni atamfa nake saidawa a kasuwar Dole ta Damagaram, ko imel ɗin ba ni da shi, ina ruwana? Da ruwanki, hajiya. Babban ɗan kasuwar da kike sarin kaya wurinsa da imel yake magana da masu masaƙa. Bankin da yake biya ta cikinsa, da kamfanin da ke kai miki kuɗi Yamai, da ma'aikatar duwan, kowannensu na aiki da saƙonni daga safe har dare. Ranar da saƙo ya tsaya, kaya za su ƙara kwanaki a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya ya hau, kuma a kan farashin turmi za a aza shi. Ke za ki biya, mai saye wurinki ma ya biya.

Na'urar da ke wannan aiki ita ce masana ke kira sabar. Mu kuwa bari mu kira ta rumbun saƙonni, domin aikinta ya haɗa na gidan waya da na rumbu. Ita ke karɓar wasiƙa, ta duba adireshi, ta jefa a akwatin mai ita, ta tura wadda za ta fita, sannan ta ajiye komai har shekaru. Akwai irinta da dama. Wadda ta fi yaɗuwa a manyan kamfanoni da ma'aikatu ita ce Exchange ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fito a shekarar 1996. Akwai kuma irin su Postfix da Zimbra, waɗanda ake iya samu ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

To amfani da imel daban, tsara rumbunsa daban. Duk ɗan makarantar da ya riƙe salula ya iya aika saƙo, kamar yadda kowa ya iya kwana cikin ɗaki. Amma wanda zai auna fili, ya san zurfin tushe, ya san inda zai sa ƙofa da inda ruwan damina zai bi, wannan magini ne, kuma koyo ya yi. Shi ya sa a ƙasashen da suka riga mu aka ware horo na musamman a kan tsara rumbun saƙonnin kamfani, ga waɗanda suka riga suka yi aiki da kwamfuta, har da jarrabawa da takardar shaida.

Me ake koyarwa a wannan horo? Da farko ana koya wa ɗalibi ya yi tambaya kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya. Ma'aikata nawa ne? A garuruwa nawa suke? Saƙo nawa ke shiga da fita a rana? Shekara nawa za a ajiye su? A ce kamfani na da ma'aikata 200, kowanne za a ba shi akwati mai giga 5, irin gigan da muke saye a salula. An tashi da giga 1000 ke nan, ba a lissafa waɗanda za a ɗauka aiki baɗi ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ko dai ya sa a sayi na'ura ƙarama ta cika cikin wata shida, ko ya sa a zuba miliyoyin sefa a kan ƙatuwar da ba a buƙata.

Na biyu, ana koya masa kada ya tara komai wuri ɗaya. Tun Exchange ta shekarar 2010 ana iya haɗa na'urori har 16 suna kwafar juna, idan ɗaya ta mutu wata ta ɗauki aiki ba tare da ma'aikata sun ankara ba. Akwai kuma ƙa'idar da masu aikin suka sani: kwafi uku na kowane abu, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Ku da kuka ga gobarar kasuwa ba sai an yi muku bayanin dalili ba. Kuma ajiye kwafi bai isa ba, sai an riƙa gwada maido shi lokaci lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, tsaro. Wa ke da izinin buɗe akwatin wa? Idan ma'aikaci ya bar aiki, cikin awa nawa ake rufe nasa? Shi kansa mai kula da rumbun, wa ke duba abin da yake yi? Ana sa mai gadi a ƙofa mai tace saƙonnin banza da masu ɗauke da cuta. Ana ƙara makulli na biyu, wato lambar da ke zuwa a salula bayan lambar sirri. Ana kuma buga wa kowace wasiƙa hatimi, da wasu hanyoyi uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC, don wanda ya karɓa ya tabbata daga gidan da aka ce ta fito. Tun watan Fabrairu na 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsananta sharaɗi a kan wannan hatimi, ta yadda wasiƙar da ba ta da shi na iya faɗawa kwandon shara ko a maido ta. Sai ka aika faktir ka zauna jiran amsa, alhali ba wanda ya gan ta.

Kada a ɗauka waɗannan abubuwa ado ne. A ranar 2 ga Maris 2021 Microsoft ya sanar cewa an gano ɓaraka huɗu a cikin Exchange, ya kuma fidda abin toshe su. Masu kutse suka yi rige-rige da masu gyara, har aka ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai an shiga rumbun ma'aikatu da kamfanoni aƙalla dubu 30, kuma da yawansu ƙanana ne waɗanda ba su da ma'aikaci na musamman mai kula da na'urar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi kusa da aljihunmu kuwa shi ne zambar sauya asusu. Ga yadda take. Ɓarawo ya saci lambar sirrin imel ɗinka ko na mai saida maka kaya a Dubai ko a Sin. Ba ya taɓa komai, karatu kawai yake, sati biyu ko wata ɗaya, har ya san farashi, ya san ranar biya, ya san yadda kuke gaisawa. Ranar da kuɗi za su tashi sai saƙo ya zo da sunan abokin cinikinka: mun canja banki, ga sabuwar lamba. Ka tura, kana jiran kaya, shi kuma mai kaya yana jiran kuɗi. Hukumar FBI ta Amurka ta lissafa cewa a shekarar 2023 ƙarar da aka kai mata a kan irin wannan zamba ta kai kusan dalar Amurka miliyar 3, wato fiye da miliyar 1700 na kuɗin sefa. Makulli na biyu da hatimin wasiƙa na rage wannan haɗari ƙwarai, amma sai da wanda ya san yadda ake kafa su.

Me ya sa muke son maginin ya zama ɗan ƙasa? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Littattafan horon an rubuta su ne don wuraren da kuran ba ya ɗaukewa. Ɗakin na'ura ana son zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu mukan kai 45, ga ƙurar hunturu a kai. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, kowa kuma ya tuna yadda aka sha duhu watanni. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodibuwa, layi ya yi rauni a ƙasashe fiye da goma, har da tamu da ba ta da teku. Tsarin da bai tanadi gurup ko sola ba, da batir, da layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, tsari ne na wata ƙasa.

Wani zai ce ai yanzu ba a sayen na'ura, haya ake yi a rumbun manyan kamfanoni kamar Microsoft 365 ko Google Workspace, su ke da wuta da sanyi da masu gadi. Gaskiya ne, kuma ga ƙaramin kamfani sau da yawa hayar ta fi sauƙi. Sai dai haya ma tana da nata lissafi: biyan wata wata ne a kan kowane ma'aikaci, takardunka na kwana a wata ƙasa, kuma idan layin waje ya yanke, ma'aikata biyu da ke ofis ɗaya ba su iya aika wa juna saƙo. Ƙasar nan ta yi doka a kan kare bayanan mutane tun 2017, ta yi wata a kan laifukan intanet a 2019, kuma banki ko asibiti bai kamata ya yanke shawarar inda zai ajiye sirrin jama'a da ka ba. Zaɓi tsakanin rumbun gida, da haya, da haɗa su biyun, shi ne ainihin abin da horon ke koyarwa.

Wani kuma zai ce WhatsApp ya ishe ni. Ya isa wajen gaisuwa da tambayar farashi. Amma idan duk cinikin gida yana cikin salular yaro ɗaya, ranar da kuka ɓata ko aka sace wayar, da abokan ciniki da shaidar bashi duk sun tafi tare da shi. Akwatin da ke ɗauke da sunan kamfani na kamfani ne, ma'aikaci ya tafi akwati ya tsaya.

Akwai masu cewa in ka horar da yaro, gobe wani ya ɗauke shi da albashi mai tsoka. Hakan na faruwa. Maganinsa yarjejeniya a rubuce, da albashin da ya dace da wanda ke riƙe da makullin sirrin gida, da horar da mutum biyu a madadin ɗaya. Kuma a sani wannan ilimi ba a koyonsa sau ɗaya a gama. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Exchange ta 2016 da ta 2019, bayan ya fidda sabuwa a watan Yuli na shekarar. Duk ma'aikatar da ke bisa tsohuwa, kuma ba ta da wanda ya san wannan labari, tana kwana ne da ƙofa a buɗe.

Saboda haka muna kira ga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, su sa darasin tsara rumbun saƙonni cikin karatun kwamfuta, da na'urori na gaske da ɗalibai za su kafa su rushe su sake kafawa da hannunsu. Muna kira ga cibiyar ƴan kasuwa ta CCIN da asusun horon sana'a na FAFPA su duba yadda za a tallafa wa ma'aikatan ƙananan kamfanoni su samu wannan horo a cikin jihohi, ba sai a Yamai ko Dakar ba. Muna kira ga alhazai, waɗanda ba su ƙyashin biyan mai gadin shago da mai tsaron sito, su haɗa hannu su biya wa matasa kuɗin karatun. Gidaje biyar na iya ɗaukar ƙwararre ɗaya su raba albashinsa. Iyaye mata kuwa kada ku ce aikin maza ne. Ba ya son ƙarfin damtse, natsuwa da riƙon amana yake so, kuma ƴaƴanku mata na da su.

Kafin wannan ya tabbata, ga abin da kowa zai iya tun yau. Duk saƙon da ya ce an canja lambar asusu, kada a tura ko dala sai an kira mutumin a lambar da aka saba kiransa, an ji muryarsa. Kada a ba yara lambar sirri ɗaya su yi ta yawo da ita. Kuma idan wani ya zo zai kafa muku imel na kamfani, ku tambaye shi abu uku: ina kwafin yake, me zai faru idan kuran ya ɗauke, kuma wa ke da makulli bayan kai? Idan ya yi ta kame kame, ku nemi wani. Araha ba ta ado.

Allah ya tsare mana dukiya da amana, ya ba da kasuwa mai albarka.