Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya Da Jama'are



Na ɗauki alƙalami ne a kan maganar tsuntsaye. Na san za a ce shugaban da ke fama da madatsun ruwa da manoman rani da ambaliya ina ya ga lokacin dinya da kirinjijiya. A yi mini haƙuri a karanta, maganar a kan teburinka za ta ƙare.

Duk watan Janairu, cikin tsananin hunturu, masu bincike kan shiga kwalekwale a fadamar Haɗejiya da Nguru tun kafin rana ta fito. Kayan aikinsu bai wuce madubin hangen nesa da littafi da biro ba. Suna bi tafki tafki, daga Baturiya zuwa Dagona zuwa tafkin Nguru, suna ƙirga tsuntsayen ruwa. In garken ya yi yawa sai a ƙirga goma, a auna da ido, a riƙa ninkawa. Wani lokaci a ci karo da tsuntsu ɗaure da zoben ƙarfe a ƙafa, wanda aka sa masa a Turai, ya ƙetaro hamadar Sahara da shi don ya ci sanyin shekara a wajenmu. Mutanen gari kan yi musu dariya, wai Bature ya bar wa yaranmu aikin banza. Ni ma da haka na ɗauka.

Abin da littafin nan nasu yake rubutawa a zahiri shi ne labarin ruwa. Tsuntsu ba ya karɓar kwangila, ba ya jiran zaɓe. Inda ruwa ya malala a kan lokaci, kifi ya yi ƙwai, shinkafa ta tsaya, nan yake sauka. Ranar da ya daina sauka, masunci da makiyayi sun riga sun ji a jikinsu.

Yallaɓai, ka fi ni sanin tarihin. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin nan kogin Haɗejiya yana da numfashi biyu: ya cika ya batse a ƙarshen damina, ya ja baya ya bushe da rani. Da madatsun suka zo sai babbar ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma tsiyaya kusan duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kachala take so. Bushewar rani ce take kashe ta a da; yanzu ta samu gindin zama, ta toshe magudanai, ta tara yashi, ta karkatar da ruwa zuwa mashigar Marma. Sakamakon haka wasu garuruwan suna nutsewa, wasu na gaba da su suna kallon busasshen rafi.

Kachalar ba ta tsaya nan ba. Ita ce masaukin tsuntsun jan baki, wanda kan tashi kamar hadari ya sauka a gonar shinkafa ko gero, kafin manomi ya gama kaɗa gwangwani an gama da shi. Sai a kira jirgin feshi. Maganin kuwa bai san jan baki daban, balbela daban ba, kuma shahon da ya ci gawar ma ya bi sahu. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ke ba ni takaici shi ne duniya ta san darajar wurin. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona da ƙafarsa. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Takardu dai sun cika. Amma gauraka, da muke kira tsuntsun ƙasa, yau yara da yawa a hoto kawai suka san shi.

Roƙona bai kai girman gina sabuwar madatsa ba. Idan za a zauna tsara yadda za a saki ruwan Tiga da Challawa, a ajiye kujera ga masu ƙirgan nan, irin ma'aikatan gidauniyar kare muhalli ta NCF da ɗaliban cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, tare da sarakunan ruwa da ardo-ardon yankin. A saki ruwa mai yawa a ƙarshen damina yadda fadama za ta sha ta ƙoshi, sannan a tsuke da rani na wasu makonni don rana ta yi wa kachala aikin da injin yanka ya kasa gamawa. Na san manoman Kadawa da masu shan famfo a Kano suna da haƙƙi a ruwan nan, ban ce a hana su ba. Mutanen Gashuwa ma a bakin kogin suke.

Kuma duk ranar da aka sake ɗauko fayil ɗin madatsar Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are, a tuna cewa Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo wa fadamar ambaliya yadda Allah ya tsara. A fara buɗe littafin masu ƙirga kafin a buɗe na 'yan kwangila.

Janairu mai zuwa za su sake shiga ruwa. Kwalekwalen yana da wurin mutum ɗaya, in ranka ya daɗe zai iya jure sanyin asuba.

Wassalam,
Wani ɗan yankin fadama.