Idan damina ta gajarta, burtali ya fi kowace hanya muhimmanci a Attantané

A hunturun 2023 zuwa 2024, wanda ya fi kowanne ɗumi tun da aka fara ajiye ƙididdiga a Amurka, masu hawan baburan kan ƙanƙara a jihohin Wisconsin da Minnesota sun kusa ƙare lokacin a zaune. Yawancin hanyoyinsu ta cikin gonakin mutane suka ratsa, kuma ba a buɗe su sai dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa sosai, don kada a ɓata wa mai gona. Da ƙanƙarar ta ƙi sauka, wasu gundumomi kwanaki kaɗan suka buɗe, wasu kuma ba su buɗe ba sam. A can wasa ne da kuɗin 'yan yawon buɗe ido suka salwanta. A Attantané da sauran ƙauyukan Mayahi da Tasawa na jihar Maraɗi akwai irin wannan hanya mai bin yanayi mai ratsa gonaki, wato burtali, amma abin da ke kanta rai ne da abinci.

Damina a wannan yanki wata uku ce zuwa huɗu. Da ruwa ya sauka makiyaya kan hau arewa, wajen Tarka da gaba, su bar wa manoma fili, sai bayan girbi su gangaro. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, tabkunan arewa kan ƙafe, ciyawa ta ƙare, dole garke ya juyo kudu tun gero na tsaye, wake bai bushe ba. Makiyayi ba zai zuba ido shanunsa su mutu da ƙishirwa ba, manomin da ya samu rabin abin da ya saba kuwa ba zai yafe ko zangarniya ɗaya ba. Ga shi kara da harawa, da a da ake barin su a gona dabbobi su ci su bar taki, yanzu sun zama haja, kowa kwashe nasa yake ya adana ko ya sayar.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Cofo, daga gunduma har ƙauye. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne, ta hana toshe burtali, ta kuma tanadi ranar sakin gonaki da hukumar jiha ke tsayarwa bayan jin ta bakin manoma da makiyaya. Bayan wannan rana babu diyyar ɓarna.

Matsalar tana wajen aiki da ita. Burtalin da aka kafa wa alamu, kowace damina sai wani ya ƙara kunya biyu ko uku a cikinsa, har ya tsuke ta yadda garke ba zai wuce ba sai ya taɓa shuka. Mashaya da wuraren hutun dabbobi a kwarin Gulbin Kaba su ma gonaki na matso su. Ranar sakin gonaki kuwa, idan aka tsayar da ita bisa al'adar shekarun baya ba tare da duba halin da daminar bana ta bari ba, sai ta zo bayan dabbobi sun riga sun iso.

Manoma na da hujja. Jama'a ta ƙaru, gonar gado an raba ta har ta zama ɗan fegi, mai iyali goma ba zai ga fili kwance ya ƙyale ba. Sai dai kunya ukun da aka ci daga burtali ba ta cika rumbu, kuma rigimar da take jawowa ta fi ta tsada. Jihar Maraɗi ta san haka tun Oktoban 1991, lokacin da aka kashe sama da mutum 100 a Toda, akasarinsu mata da yara.

Abin da ya kamata ba ya buƙatar sabuwar doka. Kwamitocin Cofo da masu gari su zagaya burtali tun kafin shuka, domin hana mutum shuka ya fi sauƙi a kan sa shi ya tuge abin da ya riga ya tsiro. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, a zauna tun watan Satumba da wakilan ɓangarorin biyu, a duba tabkuna da gonaki, a tsayar da rana. A sanar da ita a gidajen rediyon karkara da kasuwanni, cikin Hausa da Fulatanci da Tamashek. Wanda ya toshe hanya da wanda ya saki dabbobi cikin shuka da gangan, a hukunta su da ma'auni ɗaya, kowane ne ubangidansa.