Mai Gyaran Tsohuwar Mota, Fara Daga Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai mutanen da ke sayen tsohuwar Land Rover wadda ta shekara ashirin a jibge, su riƙa gyaranta da hannunsu ran Asabar da Lahadi, don sha'awa kawai. Waɗansu na cewa ɓarnar kuɗi ce. Ni ban yarda ba. Wanda ya kwance inji ya mayar da kansa ya sami ilmin da allo ba ya bayarwa. Amma fa ina da gargaɗi guda.

Sa'ad da kamfanin Rover na Ingila ya fito da motar nan a 1948, ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙin duniya na biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Ginshiƙin da ke ɗauke da ita daga ƙasa kuwa baƙin ƙarfe ne. Saboda haka sai ka ga jiki garau, alhali tsatsa ta cinye ginshiƙi. Kyan ɗan maciji ke nan.

To, mai gaggawa ya kan fara da fenti don maƙwabta su yaba. Wannan kuskure ne babba, gama motar nan mutane za ta ɗauka. Shiga ƙarƙashinta da guduma, ka ƙwanƙwasa ginshiƙi, inda ya ruɓe a yi masa walda. Sa'an nan birki, sitiyari, da giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. Fenti shi ne na ƙarshe.

Ko ka shekara biyu kana yi, kada ka damu. Sannu ba ta hana zuwa.